Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Tarihin Shirye-shiryen Sama wa Matasa Aiki a Najeriya da Nijar

Maganarmu ta wannan karo a filin tarihi ta shafi shirye-shiryen da gwamnatoci ke fitowa da su da sunan sama wa matasa aikin yi.

Duk wanda ya kai shekara 40 a yankin nan ya ga irinsu da dama sun zo sun wuce, kowane da sunansa, da rigarsa da hularsa, da ranar da aka buɗe shi da kiɗa da jawabai. Abin da ba a cika yi ba shi ne a dawo bayan shekara uku ko biyar a tambaya: yaran nan da aka rubuta sunayensu, ina suke yanzu? Makiyayi ba ya yabon garkensa da kaka, lokacin da kowace dabba ta ƙoshi. Sai bazara ta yi nisa, rijiya ta ja baya, sannan yake ƙirga abin da ya tsaya da ƙafafunsa. To shirin aiki ma haka ya kamata a auna shi, wato bayan alawus ya yanke. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kafin gwamnati ta shigo

Tun kafin a ja layin iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Daura da Damagaram, mutanen ƙasar nan suna da hanyarsu ta tsayar da matashi da ƙafarsa. A wajen Fulani akwai habbanaye. Mai garke zai ba ɗan'uwa ko aboki aron karsana, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'yan maruƙan, ya mayar da uwar ga mai ita. A wajen fatake da masu kanti kuma akwai zaman yaro a hannun ubangida. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana koyon ciniki da lissafi da sanin mutane, ranar da ya ƙware a sallame shi da jari, a kuma haɗa shi da masu ba da kaya bashi.

Ku lura da wani abu a nan. Duka hanyoyin biyu suna ɗauke da ma'auninsu a jikinsu. Mai saniya ya san za ta dawo, saboda haka ba ya ba wanda ba zai kula da ita ba, kuma idan shekaru suka zagayo kowa a ruga yana ganin ko wanda aka ba ya yi garke ko bai yi ba. Ubangida ma idan yaronsa ya karye, kunyar har da shi, domin sunansa aka sani a kasuwa. Mai bayarwa da mai karɓa suna gari ɗaya, ido na ganin ido. Wannan shi ne abin da ya ɓace lokacin da maganar ta koma hannun ofisoshi a Legas da Yamai, daga baya Abuja.

Daga bautar ƙasa zuwa fari na 1984

A Najeriya, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa, NYSC, a 1973, bayan yaƙin basasa. Manufarsa haɗa kan ƙasa ce, a tura ɗan kudu arewa, ɗan arewa kudu. Amma ya bar wani zubi da aka yi ta maimaitawa daga baya: a ɗauki matashi mai takarda, a ba shi alawus na ɗan lokaci, a sallame shi.

A Nijar kuwa, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar samari da 'yan mata da ke ƙarƙashin sarkin samari a kowane gari. Samariya ta yi aikin gayya, ta gina ajujuwa, ta dasa itatuwa, ta share garuruwa, ba tare da albashi ba. Gwamnati ma ta amfana da ita wajen tara jama'a a bayanta. Abin da aka riƙa ƙirgawa a lokacin shi ne gine-gine da itatuwa. Sana'ar da saurayi zai riƙe iyalinsa da ita ba ta cikin lissafi. Bayan taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu, samariyar gwamnati ta yi sanyi.

Sai ga fari na 1984. Dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya, kuma a watan Afirilun wannan shekara gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Har yau a Nijar akwai tsofaffin da ke kiran wannan yunwa da sunan El Buhari. Samarin da garkensu ya ƙare suka kwararo birane, wasu gadi, wasu ga-ruwa, wasu dako. Bayan farin ƙungiyoyin agaji sun riƙa sayen awaki da tumaki suna rabawa bisa tsarin habbanaye, domin sun lura cewa dabbar da aka ba mutum a matsayin amanar da zai miƙa wa na gaba ta fi daɗewa a hannunsa.

A 1986 Janar Babangida ya shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Naira ta faɗi, masana'antu suka rage ma'aikata, gwamnati ta tsuke ɗaukar aiki. A ƙarshen wannan shekara aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, ta fara aiki a 1987, kuma tana nan har yau. Dabararta mafi shahara ta yi kama da abin da muka gada: a kai yaro wajen kafinta ko tela ko makanike ya koya, gwamnati ta biya mai koyarwa, ta ba yaron ɗan kuɗin mota. Akwai tsarin rancen kayan aiki bayan yaye, sai dai bai kai ga kowa ba. Wanda ya koyi ɗinki ba keke, da wanda ya koyi walda ba inji, sai su koma inda suka fito da takardar shaida a aljihu. A rahoto kuwa dukkansu an rubuta su cikin waɗanda aka horar.

Zamanin farar hula: sunaye da biliyoyi

Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, kowace gwamnati ta zo da nata. Shugaba Obasanjo ya kafa NAPEP a 2001 domin yaƙi da talauci. Hukumar ta rasu, amma sunanta ya maƙale a jikin keke mai ƙafa uku da ta riƙa rabawa, har yanzu ana cewa Keke NAPEP. Abin lura shi ne, mafi yawan kekunan da ke yawo yau a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba gwamnati ta raba su ba. Masu hali ne ke saye su ba matasa, ana kawo balas kullum, wani ma ya biya har keken ya zama nasa. Gwamnati ta nuna hanya, tsohon tsarin ubangida da yaro ne ya ɗauki nauyin.

A watan Janairun 2012 Shugaba Jonathan ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, aka tsaya a 97. Daga kuɗin da aka ce an tsimi aka kafa SURE-P, wanda a cikinsa aka ɗauki matasa da mata aikin share-share da gyaran unguwa a kan naira 10,000 a wata. Da gwamnati ta canja a 2015, shirin ya tsaya.

A 2016 Shugaba Buhari ya fito da N-Power, wanda ya fi duk na baya girma. An ɗauki mutum 200,000 a rukunin farko, aka ƙara 300,000 a 2018, akasarinsu masu digiri ko NCE ko difiloma, aka tura su makarantun firamare da asibitoci da aikin malaman gona, kowane yana karɓar naira 30,000 a wata. Ku yi lissafin da kanku: mutum 500,000 sau 30,000, naira biliyan 15 ke nan duk wata. Ba za a ce kuɗin nan bai yi amfani ba. Makarantun da ba su da malamai sun ga malamai, gidaje sun ci abinci, wasu sun yi tanadi sun ja jari, kuma biyan kai tsaye cikin asusun banki ya rage hannayen da kuɗi ke bi. Amma a tsakiyar 2020 aka sallami rukunan biyu. Da aka buɗe rajistar rukuni na uku, sama da mutum miliyan 5 suka nema. A watan Oktoban 2023 aka dakatar da shirin domin bincike, alhali wasu na bin bashin alawus na watanni.

Sai shirin ayyuka 774,000 da aka fara a Janairun 2021: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, na tsawon wata uku. Tun kafin a fara, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan majalisa suka yi cacar baki a bainar jama'a a kan wa zai zaɓi sunaye. Naira 60,000 a hannun talaka taimako ne, da babu gara ba daɗi. Amma a kira wata uku na share kwata da sunan aiki, wannan ya zarce gaskiya.

A duk waɗannan, adadi biyu ake faɗa wa jama'a: mutum nawa aka ɗauka, da kuɗi nawa aka kashe. Dillali ma zai iya gaya maka dabba nawa ta shigo kara da safe. Wannan bai gaya maka nawa aka sayar ba, balle ko an ci riba.

Shirin da aka ɗora a sikeli

Akwai ɗaya da aka auna da gaske, kuma ya kamata mu tsaya a kansa, domin yadda aka yi awon ya fi sakamakon muhimmanci a gare mu. Sunansa YouWiN, an buɗe shi a 2011 zamanin Jonathan, ƙarƙashin ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Gasa ce: matashi ya rubuta tsarin kasuwancin da yake son yi, wanda ya ci a ba shi jari kyauta, har zuwa naira miliyan 10. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200.

To ga inda dabarar take. Bayan an ware waɗanda suka yi fice, sai aka rage da mutum 1,841 da takardunsu suka yi kusan kunnen doki. A cikinsu aka fitar da 729 ta hanyar ƙuri'a, kwamfuta ce ta zaɓo, ba sani ba sabo. Sauran ba su samu jari ba. Wani masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi rukunan biyu shekara bayan shekara.

Me ya sa sai an bi har wanda bai samu ba? Makiyayi ya san amsar. Idan ka ba karsana dusa ta yi ƙiba, ba za ka san aikin dusar ba sai ka dubi sa'arta da ba a ba ba. Mai yiwuwa damina ce ta yi kyau, duka biyun sun yi ƙiba. Bambancin da ke tsakaninsu kaɗai shi ne aikin dusa. Haka idan gwamnati ta nuna maka matasa goma da suka yi arziki bayan shiri, tambayar ita ce ko da ma masu himma ne da za su yi arzikin ko ba shirin. Ƙuri'a ita ke kawar da wannan shakka, domin rukunan biyu daga tsaye ɗaya suka tashi.

Bayan shekara uku, a cikin masu neman kafa sabon kasuwanci, waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba kimanin 11 cikin 100 ne suka kai ga ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye. A cikin waɗanda suka samu jarin kuwa, kimanin 34 cikin 100. An ƙiyasta cewa zagayen farko ya haifar da ayyuka kusan 7,000, kowane aiki ya ci wa gwamnati wajen dalar Amurka 8,500. Shirin ya yi aiki ke nan, kuma an san kuɗin kowane aiki.

Sai dai ku dubi ƙofar shiga. Ta intanet ake nema, da Turanci ake rubuta tsarin kasuwancin. Ɗan kasuwar da ke juya tirela biyu ta wake tsakanin Maraɗi da Dawanau, da lissafinsa duka a ka ko a ajami, bai ma ji labari ba. Yaron da ke kiwon shanu 60 tun yana ɗan shekara 12 ba shi da hanyar shiga. N-Power ma sai da takardar makaranta, da lambar BVN, da asusun banki, da waya mai intanet, duk da an ware wani ɗan ɓangare na koyon sana'a ga marasa digiri. An kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a Najeriya tun 1989, amma yaran ruga nawa suka kai ga irin takardar da waɗannan shirye-shirye ke nema? Shiri zai iya yin nasara ga wanda ya shiga, kuma ya zamana bai taɓa garinku ba ko kaɗan. Awo na gaskiya dole ya ƙirga har waɗanda ƙofar ta yi wa ƙanƙanta.

Yaushe aka yi ƙirgar?

Akwai wani darasi daga nesa, wanda ya shafi lokacin da ake awo. A arewacin Uganda, yankin da ya sha yaƙi, gwamnati ta raba jari ga ƙungiyoyin matasa a 2008, su koyi sana'a su sayi kayan aiki, kowane mutum ya tashi da kusan dala 380. Can ma ƙuri'a aka yi tsakanin ƙungiyoyin da suka cancanta, masu bincike suka bi kowa. Bayan shekara huɗu, abin da masu jarin ke samu ya ɗara na sauran da kashi 38 cikin 100. Da an tsaya nan, da an buga ganga. Da aka koma bayan shekara tara, sai aka tarar waɗanda ba su samu ba sun kamo su a wajen kuɗin shiga, ta hanyar ƙwadago da tanadi a hankali. Abin da ya rage wa masu jarin shi ne sun fi kayan gida da kadara, kuma sun fi yawa a cikin sana'o'in hannu.

Jarin ya ba su saurin tashi da shekaru, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma bai ɗaga su zuwa wani matsayi na dindindin ba. Wanda ya yi awo a shekara ta huɗu da wanda ya yi a ta tara duka gaskiya suka faɗa. Saboda haka idan an ce muku shiri ya yi nasara, ku tambaya a wace shekara aka duba.

A ɓangaren Nijar

Mu dawo gida. Babbar hanyar da gwamnatin Nijar ta bi ta ɗauki matasa masu takarda ita ce koyarwa. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama 'yan kwantaragi, a kan kuɗin da bai kai albashin cikakken malami ba. Makarantu sun yawaita har ƙauyuka, dubban matasa sun samu abin yi, har 'yan kwantaragi suka fi cikakkun malamai yawa a firamare. Amma jinkirin biya da yajin aiki suka zama abin kowace shekara, kuma da aka yi musu jarrabawa a 2017, da yawa ba su kai makin da ake so ba. An ƙirga malamai da ajujuwa shekara da shekaru kafin a tambayi abin da yara ke koya.

Labarin Agadas ya fi kusa da masu harkar hanya. A 2015 aka kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure zuwa arewa, aka fara aiki da ita sosai a 2016. An kama direbobi, an ƙwace motoci, masu masauki da masu sayar da jarka da masu abinci suka rasa ciniki. Tarayyar Turai ta ba da kuɗi domin a sauya wa waɗannan mutane sana'a, da alkawarin kayan aiki na kimanin sefa miliyan 1.5 ga kowane. Dubbai suka rubuta suna, 'yan ɗaruruwa ne suka samu a zagayen farko. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar. Idan aka rubuta cewa shirin ya taimaki ɗaruruwa, gaskiya ne. Amma lissafin bai cika ba sai an cire dubban da suka rasa abincinsu saboda dokar da ta haifi shirin.

An kuma yi awo na ƙuri'a a ƙauyukan Nijar, wanda aka buga sakamakonsa a 2022. Matan da ke karɓar tallafin jika 10 a wata ne aka ƙara wa wasunsu horo da ƙungiyar adashi da mai bibiya, wasu kuma har da jarin jika 80 a dunƙule. Bayan shekara ɗaya da rabi, cinikinsu da abincin gidajensu sun ƙaru idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a yi wa ƙarin ba. Mata ne, ba samari ba, amma ya nuna cewa ƙaramin jari da bibiya, a cikin sana'ar da mutum ya riga ya sani, yana kamawa a ƙasarmu.

Abin da ba ya shiga littafi

A bakin iyaka, babban mai ɗaukar matasa aiki shi ne kasuwa. Ku je Maigatari ranar Alhamis, ko Illela, ko Jibiya, ko Birnin Ƙonni, ku ƙirga masu kora, da masu lodi, da 'yan dako, da 'yan kabu-kabu, da 'yan canji, da masu sayar da harawa da igiya, da masu shayi. Ba ko ɗaya da ke cikin rajistar wata hukuma.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, kuma a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Wata ɗaya bayan haka aka ƙaddamar da ayyuka 774,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe hanya har zuwa Maris na 2024. Mutum 1,000 da aka ba alawus na wata uku a ƙaramar hukumar Jibiya an rubuta su. Samarin da suka zauna wata 16 ko fiye ba lodi, wasu suka koma bin hanyar daji da haɗarinta, ba wanda ya rubuta su. Hannun dama yana bayarwa da cokali a gaban 'yan jarida, na hagu yana kwashewa da ƙwarya ba wanda ya duba.

Ko mudun da ake awon da shi ma yana canjawa. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta fitar da kashi 4.1. Ba ayyuka aka samu a tsakani ba. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon lissafi, wanda ya bi tsarin ƙasashen duniya, ko awa ɗaya ka yi a mako domin samun kuɗi, mai aiki ne kai. Sabon mudun yana da gaskiyarsa, domin talaka ba ya iya zama haka kawai, dole ya taɓa wani abu. Matsalar matasanmu aikin da ba ya ciyarwa ce. Amma duk ɗan kasuwa ya san ba a auna hatsi da tiya jiya, yau da gwangwani, a ce ya ƙaru ko ya ragu.

In an sake zuwa da takarda

Wani shirin zai zo, da sabon suna, daga Abuja ko Yamai ko wata ƙungiya ta waje. Ba mu ce a ƙi shi ba. Amma ranar da aka tara ku a ƙofar hakimi ko mai gari, akwai tambayoyin da tarihin nan ya ba ku haƙƙin yi. Wa ke zaɓen sunaye, kuma wanda ba shi da takarda ko waya yana da ƙofa? Wata nawa za a biya, kuma ranar da biyan ya tsaya me zai rage a hannun yaro, keke ko akuya ko jari, ko kuwa riga da hula? Sana'ar da za a koya masa akwai mai sayenta a kasuwarmu, ko teloli 50 za a yaye a garin da ke da aikin biyar? Wa zai dawo ya duba, kuma yaushe?

In ba wanda zai dawo, ku yi awon da kanku, ba ya buƙatar Bankin Duniya. Arɗo ko sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya ya sami littafi ɗaya, ko da ajami ne. A shafi ɗaya a rubuta yaran da suka shiga, da abin da kowane yake da shi a ranar. A ɗaya shafin a rubuta sa'o'insu da suka nema ba su samu ba. Bayan rani biyu a buɗe littafin a gaban jama'a, a ga wa ke da sana'a, wa ya tafi ci-rani, wa ya sayar da abin da aka ba shi, kuma me ya sa. Ranar da mai neman ƙuri'a ko jami'in ƙungiya ya zo yana faɗin dubban da aka taimaka, sai a miƙa masa littafin garinku.

Allah Ya ba matasanmu abin yi mai albarka, Ya tsare dukiya da hanya, Ya ba mu damina mai kyau. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.